Hannun da Ke Tashinka da Dare: Nasiha ga Matasan Anka, Gummi da Bukkuyum

Ya ku ƙannena maza da mata, a wannan zamani da zuwa gona mai nisa ya zama sai an yi shahada, kasuwa kuma ba kullum take ci yadda aka saba ba, jarin da ya rage wa mafi yawanku shi ne hannu biyu. Da su ake riƙe fartanya da lauje a fadamun gulbin Zamfara na ƙasar Gummi, da su ake fasa dutse a wuraren haƙon zinari na ƙasar Anka da Bukkuyum, da su ake murza totur ɗin kabu-kabu, da su ake surfe da daka da tuƙin tuwo da kitso da ɗinkin hula. Mai shanun huɗa yana duba kofaton dabbarsa, mai babur yana juye baƙin mai a kan lokaci, amma kaɗan ne cikinmu ke waiwayar hannun da ke ciyar da su, sai ranar da ya ƙi aiki. Maganata a yau a kan wani ciwo ne da likitoci ke kira kafal tanel, wato matsewar jijiyar wuyan hannu. Abin da nake so ku riƙe guda ɗaya ne. Wannan ciwo yana sallama kafin ya shigo, kuma sallamar tasa takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Wanda ya amsa da wuri yakan tsira da 'yan gyare-gyaren da ba su kai kuɗin tiyar gero ba. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da sunan juriya, shi ne ke ƙarewa da babban yatsan da ba ya iya ɗaukar allura.

Bari mu fara da ginin wurin, domin wanda ya san yadda aka gina ɗaki shi ke gane inda zai yi yoyo. Ka buɗe tafin hannunka ka dubi layukan da suka gitta a wuyan hannu. Daga nan zuwa gindin tafi akwai wata 'yar kafa mai kama da kwalbati, faɗinta kimanin na babban yatsanka. Ƙasanta da gefunanta ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu ne, waɗanda yawansu takwas ne, samanta kuma wani tantani mai tauri ya rufe ta ruf. Mu Hausawa da kalmar jijiya muke kiran abubuwa uku: wadda jini ke bi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, da wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓɓai. A cikin wannan kwalbati agara tara ke wucewa, su ne igiyoyin da ke lanƙwasa yatsu duk lokacin da ka dunƙule hannu. A tsakaninsu kuma akwai jijiyar saƙo guda ɗaya tak, mai laushi, ita ce ke ba da ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin yatsan zobe, ita ce kuma ke motsa tsokar nan mai tudu da ke gindin babban yatsa. Ƙashi ba ya buɗewa, murfin ba ya miƙewa. Saboda haka duk abin da ya kumbura rigar agarar, ko ya tara ruwa a wurin, ko ya rage faɗin kafar, a kan jijiyar saƙon yake ƙarewa, domin ita ce mafi rauni a cikin goman. Idan aka matse ta jini ya ragu gare ta, sai ta fara aika saƙon ƙarya.

Wannan saƙon ƙarya shi ne sallamar da na ambata, kuma ya fi zuwa da dare. Mutum na tsakiyar barci sai ya farka ya ji hannunsa ya sage, yatsu uku na farko kamar ana tsira musu allura, ko kamar kiyashi na tafiya a cikinsu, wani lokaci zugin ya haura har gwiwar hannu. Sai ya tashi zaune, ya saki hannun ƙasa ya yarfa shi kamar mai yarfe ruwan alwala, bayan 'yan mintoci ya ji sauƙi ya koma barci. Da safe yatsun su yi masa nauyi kamar sun kumbura alhali ido bai ga kumburi ba. Ku lura da ƙaramin yatsa: yawanci shi ba ruwansa, domin wata jijiya ce daban ke kula da shi. Dalilin da ya sa abin ke zuwa da dare shi ne mutane da yawa suna barci da wuyan hannu a lanƙwashe, wasu ma su yi matashin kai da shi. A 1981 likita Richard Gelberman da abokan aikinsa a Amurka sun auna matsin da ke cikin wannan kafa, suka tarar ko a hannun mai lafiya matsin yana ninkawa fiye da sau goma idan aka lanƙwasa wuyan hannu gaba ko baya har ƙarshe. A hannun mai ciwon kuwa, ko a miƙe yake matsin ya riga ya hau. Idan aka ƙyale, abin sai ya biyo mutum har rana. Kofin shayi ya suɓuce ba dalili, saka maɓallin riga ya zama aiki, mace ta kasa zura zare a allura, dattijo ya daina jin ƙwayar carbi a tsakanin yatsunsa. Matakin ƙarshe shi ne tudun nan na gindin babban yatsa ya lotsa, ya zama kwari.

To me ke kawo shi? Kashi na farko aiki ne, amma ba kowane aiki ba. A 1997 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta tattara binciken da aka yi a masana'antu, ta nuna cewa hujja ta fi ƙarfi inda abubuwa suka haɗu: damƙa da ƙarfi tare da maimaita motsi iri ɗaya, ko damƙa da ƙarfi tare da lanƙwasa wuyan hannu. Riƙe abin da ke girgiza shi ma yana cikin lissafi. Yanzu ku ɗora wannan ma'auni a kan rayuwarmu. Ga yaro ɗan shekara goma sha takwas zaune a gindin tarin duwatsun da aka fito da su daga rami, guduma a dama, dutse a hagu. Kowane bugu yana buƙatar damƙa, kowane bugu yana mayar da girgiza cikin ƙashi, kuma daga hantsi zuwa La'asar ba wanda ya ƙirga sau nawa ya ɗaga gudumar. Ga ɗan kabu-kabu a hanya mai gargada, wuyan hannunsa na dama a karye baya kan totur, na hagu yana ta matse kuloci, kan babur yana karkarwa a tafinsa tun safe. Ga yarinya a bakin turmi: ta damƙe taɓarya, ta ɗaga, ta saukar, ta gama surfe ta koma daka, ta ja ruwa da guga, ta matse wanki, da yamma ta riƙe muciya tana tuƙa tuwon gida mai mutum ashirin. Haka mai matse tunkuza don fitar da man gyaɗa, da mai tatsar nono, da mai yankan shinkafa da dakusasshen lauje, da mai aiki da injin yankan ƙarfe. Ba bugu ɗaya ke yin ɓarnar ba. Yau da gobe ce, wadda ke sa allura ginin rijiya.

Kashi na biyu yana cikin jikin mutum, kuma gaskiya ita ce a wurin mutane da yawa shi ya fi nauyi. Ciwon ya fi kama mata fiye da maza, kusan ninki uku, kuma ya fi bayyana daga tsakiyar shekaru zuwa sama. Wani binciken da aka yi a kudancin ƙasar Suwidin aka buga a 1999 ya samu kimanin mutum 4 cikin 100 na manya suna da ciwon bisa duban likita, masu jin sagewar yatsun kuwa sun kai kimanin 14 cikin 100. Juna biyu na kawo shi, musamman a watannin ƙarshe lokacin da jiki ke tara ruwa, kuma yawanci yakan lafa bayan haihuwa. Ciwon suga yana raunana jijiyoyin saƙo har su kasa jure matsin da jijiya mai lafiya za ta jure. Ƙiba tana ƙara haɗari. Haka amosanin gaɓɓai mai kumbura mahaɗa, da raunin aikin halittar nan ta wuya wadda kumburinta muke kira maƙoƙo. Akwai kuma karayar wuyan hannu da ta ɗoru a karkace ta tsuke kafar, abin da ya kamata duk wanda ya taɓa faɗuwa da babur ya dafa ƙasa ya riƙe a ransa. Wasu kuma haka Allah Ya halicce su da ƙaramar kafa, shi ya sa ake ganin ciwon yana bin dangi. Wannan yana nufin ba kowa ne zai kauce masa ba komai kiyayewarsa. Amma wanda ya san yana cikin waɗannan rukunai ya fi kowa dalilin sauraron hannunsa.

Na san wani zai ce wannan ai ciwon 'yan ofis ne, masu wuni kan kwamfuta a Abuja da Legas, ina ruwan manomin Bukkuyum da shi? Wannan fahimta ta yaɗu, amma tarihi da bincike ba su goyi bayanta ba. Tun a 1854 likitan Ingila James Paget ya bayyana matsewar wannan jijiya a wuyan hannu, ciki har da wadda ta biyo bayan karaya, lokacin ko keken rubutu bai shiga ofisoshi ba. Wani babban bincike da aka yi a kan dubban ma'aikata a ƙasar Denmak aka buga a 2003 bai samu cewa buga madannan kwamfuta babban haɗari ne ga wannan ciwo ba. Inda aka fi ganinsa shi ne wurin masu yankan nama da kifi a masana'antu, da masu harhaɗa kaya, da masu riƙe injunan da ke girgiza. Wato masu aikin ƙarfi, irinku. Bambancin kawai shi ne ma'aikacin ofis yana da likita kusa da zai ba ciwonsa suna, na ƙauye kuwa sai a ce sanyi ne. Wayar hannu ma ga matsayinta: riƙe ta sa'o'i a kwance da wuyan hannu a lanƙwashe yana tayar da alamun ga wanda jijiyarsa ta riga ta matsu. Saurayin da ya wuni da guduma sannan ya raba dare yana latse-latse a Facebook da TikTok ya hana hannunsa hutun da dare kaɗai ke ba shi.

Wani kuma zai ce iyayenmu da kakanninmu sun yi daka da noma har tsufa, ba mu ji sun yi kafal tanel ba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma a duba ta da kyau. Rashin suna ba rashin ciwo ba ne. Ku je ku kama hannun tsofaffin matan gidanku ku gaishe su, ku dubi gindin babban yatsansu. Ku tambaye su dalilin da ya sa suka daina kaɗi da saƙa, da dalilin da ya sa suke kiran jika ya zura musu zare ko ya kwance musu ƙullin bakin zane. Da yawa za su ce tsufa ne ko sanyin ƙashi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa jijiya ce ta daɗe a matse ba wanda ya sani. Sannan tsarin aikin da ya sha bamban da na yanzu. Noma yana da lokacinsa, kaka tana da nata, rani ya zo hannu ya canza sana'a. Aikin gayya yana raba nauyi, mata uku su kewaye turmi ɗaya suna lugude. Kakanninku ba su wuni kan babur ba, ba su riƙe injin da ke karkarwa ba, kuma ba su sha ƙwaya don kashe gajiya ba. Matashin yau kan yi aiki iri ɗaya wata goma sha biyu, domin a buhu ko a kwano ake biyansa, kuma hutun sa'a ɗaya ragi ne a aljihunsa.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafin da ya fi kowanne nauyi: talaka ba ya hutu, in ya ajiye guduma yau gidansa ba a ɗora tukunya. Gaskiya ne, kuma duk nasihar da ta ce ku bar aiki ba ta san inda kuke ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ake nema shi ne a rage matsin da ke kan jijiyar alhali aiki na tafiya. Ka'ida ta farko, wuyan hannu ya zauna a miƙe gwargwadon iko, kamar yadda yake idan za ka gaisa da mutum. Ɗan kabu-kabu ya sa makanike ya daidaita masa kan babur da hannun birki da kuloci yadda ba sai ya karya hannu baya ba, ya sa wa wayar kuloci mai don ta yi laushi, ya canza robar hannu idan ta cinye. Ka'ida ta biyu, a rage ƙarfin damƙa. Lauje ko gatarin da maƙeri ya koɗa ba ya cin ƙarfi kamar dakusasshe. Ƙota mai santsi ko siririya tana tilasta maka matsewa, sai ka naɗe ta da tsumma ko robar tib har ta cika tafinka, wannan kuma yana shanye wani ɓangare na girgiza. Ka bar nauyin guduma ya yi aikin, kada ka shaƙe ta kamar za ta gudu. Ka'ida ta uku, gajeren hutu akai-akai ya fi dogon hutu sau ɗaya. Duk bayan kimanin rabin sa'a ka saki ƙota minti biyu, ka buɗe yatsu ka dunƙule a hankali. Inda ake aiki ƙungiya, a riƙa musaya: mai fasa ya koma ɗauka, mai ɗauka ya koma wanki. A hunturu kuma a ɗumama hannu kafin a fara, domin hannu mai sanyi ba ya jin abin da ya riƙe sosai, sai ya ƙara matsewa.

Ku kuma ƙannena mata, nauyin ya fi yawa a kanku, ga halitta ga aiki. Kada ki jera surfe da wanki da tuƙi a wuni ɗaya idan akwai halin rarraba su. Wurin matse wanki, ki rataya tufa mai nauyi a reshe ko a igiya ki murɗa da hannu biyu, ko ku kama ku biyu, maimakon ki karya wuyan hannu ke kaɗai. Mai kitso ta sarara tsakanin kai da kai, ta zaunar da wadda ake yi wa a tsayin da ba sai ta lanƙwashe hannu ba. Inda akwai injin surfe da niƙa, kuɗin kai hatsi can bai kai kuɗin jinya ba. Mai juna biyu da ta ji yatsunta na sagewa ta faɗa a wurin awo, kada ta ɓoye. Idan kuwa hannu da fuska suka kumbura tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan wata magana ce daban mai haɗari, ta hawan jini, a tafi asibiti a ranar. Ku samari, a nan akwai hakki a kanku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jan ruwa a rijiya da faskare da kai niƙa ba su rage wa namiji komai, kuma ƙanwarka ko matarka ko mahaifiyarka da kake gani tana yarfa hannu da asuba tana gaya maka wani abu ko da bakinta bai furta ba.

Idan sallamar ta riga ta fara, ga gwajin da likitoci ke yi, wanda ke ɗauke da sunan likitan Amurka George Phalen: ka haɗa bayan hannayenka biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa, ka tsaya haka minti ɗaya. Idan sagewa ko tsirar allura ta taso a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, akwai alamar jijiyar a matse take. Gwajin ba ya yanke hukunci shi kaɗai, amma ya isa ya sa ka tashi tsaye. Magani na farko, kuma mafi araha, shi ne hana wuyan hannu lanƙwashewa da dare. Ana sayar da maɗaurin wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a ciki a manyan kemis. Wanda bai samu ba zai iya naɗe wuyan hannunsa da tawul mai kauri ya ɗaure sako-sako, irin dabarar karan ɗori amma ba tare da tamkewa ba, domin ɗaurin da ya matse ƙara ciwon yake yi. A riƙa sa shi kowane dare har mako huɗu zuwa shida, a daina kwanciya a kan hannu. A auna suga, gwaji ne na ɗigon jini ɗaya. Sannan ku ji wannan da kyau: tiramol da sauran ƙwayoyin da ake sha don a yi aikin mutum biyu ba sa buɗe kafar ko da faɗin gashi. Bakin mai gargaɗin kawai suke toshewa, ɓarna na ci gaba, ga jarabar da ke biyo baya. Magungunan ciwon jiki da ake saya barkatai su ma, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki da ƙoda.

Akwai masu cewa sanyi ne, a sha jiƙo, ko wanzami ya yi ƙaho ya fitar da mataccen jini. Akwai masu cewa tunda da dare yake zuwa, iska ce ko jifa. Addu'a wajibi ce ga mumini a kowane ciwo, kuma ba ta hana neman magani. Amma abin da ke matse jijiyar yana ƙarƙashin murfi mai tauri, ƙaho da tsaga ba sa isa gare shi, kuma tsaga a wuyan hannu tana iya yanke jijiyar da ake son ceto. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin tsadar ba ciwo sunan da ba nasa ba. A 2010, lokacin da yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da 'Yargalma, an yi ta zaton zazzaɓi ne ko wani abu daban, har ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya suka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, garin Bagega kuma sai a 2013 aka share masa gurɓatacciyar ƙasa. Na kawo wannan ne don dalili biyu. Na ɗaya, gwaji ne ya bayyana gaskiya, ba zato ba. Na biyu, dalma tana da nata ciwon hannun a jikin manya: takan raunana tsokar da ke ɗaga hannu, sai wuyan hannu ya saki ya rataya, sau da yawa tare da ciwon ciki da taurin bayan gida. Mai haƙo ko mai niƙan dutse da ya ga haka gwajin jini yake buƙata. Sagewar da ta zo da farin tabo a fata wanda ba ya jin taɓi tana iya zama kuturta, wadda ake warkewa kuma maganinta kyauta ne. Wadda ta kama tafin ƙafa biyu ta fi kama da ta suga. Wadda kuma ta faɗo farat ɗaya, da karkacewar baki ko harɗewar harshe ko mutuwar ɓarin jiki, ba a kwana da ita a gida.

Saura maganar nisa da tsoro. Hanya ba lafiya, kuɗin mota ya yi tsada, kuma kalmar tiyata tana firgita mutane. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma babban dalilin amsa sallama da wuri, tun maganin bai wuce tawul da gyaran ƙota ba. Matakin farko yana kusa: ma'aikacin lafiya na asibitin garinku ko babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum zai iya duba hannu, ya auna suga da hawan jini, ya tura ka gaba idan da buƙata. Gaba akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Idan maɗauri bai wadatar ba, likita kan yi allurar rage kumburi a cikin kafar. Tana ba da sauƙi, ko da yake sau da yawa ciwon kan dawo, kuma allura ce ta gwani, domin wanda bai san wurin ba zai iya soke jijiyar kanta. Idan abin ya yi nisa sai aiki: a kashe wurin da allura, a ɗan tsaga gindin tafi, a yanke murfin nan don kafar ta buɗe. Yawanci bai kai sa'a guda ba, mutum ya koma gida a ranar, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna rabuwa da tashin dare. Sai dai jijiyar da ta daɗe a matse a hankali take farfaɗowa, tsokar da ta riga ta lotsa kuma ba lallai ta dawo duka ba. Alamun da ke cewa kada a ƙara jira su ne sagewar da ba ta tafiya ko da rana, da yawan sakin abu, da ramewar gindin babban yatsa.

Al'adarmu tana yabon mai juriya, kuma ta yi daidai, domin da ba don juriya ba da garuruwan nan ba su kai yau ba. Amma a bambanta jure wahalar da ba ta da makawa da jure ɓarnar da ake iya tsayarwa. Ɗan shekara ashirin da ya lalata hannunsa don ƙarin buhu biyu a yau ya ci bashi ne daga ɗan shekara arba'in da zai zama gobe, lokacin da bakunan da zai ciyar sun ninka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma yadda mutum ke riƙe kayan aikinsa. Don haka, ƙanena, ƙanwata, daren da hannunka ya tashe ka kana yarfa shi, ka lura da yatsun da suka sage. In ya maimaita dare uku ko huɗu, ka ɗaure shi a miƙe, ka gyara ƙotarka, ka raba aikinka, ka auna suga. In mako shida ya wuce bai lafa ba, ka nemi likita tun tudun babban yatsanka yana nan. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a abin da hannuwanku ke nema.